Sheƙa Ta Arba'in Da Bakwai

Litinin, 14 ga Janairu, ƙarfe 7:05 na safe

Sanyi digiri 22 ƙasa da sifiri. Iska daga arewa maso yamma. Tafki ya daskare har inda ido ya tsaya. Tsuntsaye huɗu a mazubin hatsi na bayan gida.

Shekara arba'in da shida ke nan ina rubuta yanayin gari kowace safiya. Na tsaya ranar 19 ga Disamba. Yau na ci gaba, domin na lura tsayawar ba ta dawo da kowa ba.

Motar share ƙanƙara ta shigo layinmu ƙarfe bakwai saura minti ashirin. Odette Lachance ce ke tuƙi, wadda 'yata Aili ta zauna da ita shekara tara. Manyan hanyoyi gunduma ta ɗauke ta ta share, ƙofar gida kuwa aikin mai gida ne. Duk da haka ta karkato, ta ture abin da ya taru a bakin garejina, ta ja da baya, ta wuce. Haka take yi kullum tun bayan jana'izar Aili. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta danna oda. Ni kuma ina tsaye bayan labule da kofi a hannu.

Ban fita ba.

Talata, 15 ga Janairu, ƙarfe 11:30 na safe

Digiri 24 ƙasa da sifiri.

Wasiƙa daga Gordon Sawchuk, wanda ya gaje ni a ɗakin ajiyar tsuntsaye na jami'a. Za a rufe ginin. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu, za a liƙe durowoyin, a loda su a mota zuwa wani sito a kudu, tafiyar kwana biyu. Tsuntsaye dubu goma sha ɗaya ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku ni na feɗe su da hannuna, na cusa musu auduga, na ɗaura wa kowanne takardarsa a ƙafa.

A ƙasan wasiƙar ya ƙara da biro: "Farfesa, saura maganar 47. Aili ta bar takardar ƙafa a durowar, da zarenta a jiki, babu rubutu. Ta ce taka ce."

Dokar da na koya wa ɗalibai shekara talatin ita ce wannan. Takardar ƙafa ba a cire ta, ba a goge ta, ba a soke ko harafi ɗaya a cikinta. Idan daga baya aka gano ba daidai take ba, sai a ɗaura sabuwa kusa da ita, a rubuta gyaran, da kwanan wata, da sunan mai gyara. Tsuntsun zai ci gaba da ɗaukar duka biyun muddin ana ajiye da shi. Na taɓa korar ɗalibi daga ɗakin saboda ya kankare lamba guda da reza.

Arba'in da bakwai lambar sheƙa ce. Tsuntsaye biyu ne, fararen nan na bakin tafki masu baƙin zobe a baki. Na ɗauko su daga sheƙa ɗaya a tsibiri, cikin Yunin 1979. Takardar 47-A ta ce mace, ta 47-B ta ce namiji. Rubutuna ne. Bara Aili ta yanki ɗan fatar yatsar kowannensu ta aika gwajin ƙwayar halitta. Sakamako ya ce dukansu mata ne.

Na ninke wasiƙar gida huɗu, na sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Alhamis, 17 ga Janairu, ƙarfe 7:00 na safe

Digiri 26. Ta share. Ban fita ba.

Asabar, 19 ga Janairu, ƙarfe 3:15 na yamma

Wata guda cif.

Yayata Hilkka ta zo da burodinta mai zaƙi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta buɗe firij.

"Madara ta yi tsami, man shanu ya ƙare, kifin nan kuwa shi ya fara gaishe ni. Auta, da me kake rayuwa? Da lissafin iska?"

Shekarata saba'in da ɗaya. Ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana Auta.

Ta leƙa taga. "Wa ya share maka ƙofa haka?"

Na ce gunduma.

"Gunduma mai jar hula da kitso biyu?"

Na jawo kujera na zauna. Ta yanka burodin, ta tura mini faranti, sannan ta ciro guntun jarida daga jakarta ta shimfiɗa a kan tebur. Sanarwar rasuwar ce. Ni na rubuta ta. Ta ce in karanta mata layi na shida. Ban buƙaci tabarau ba, na haddace shi: ta bar mahaifinta, da gwaggonta, da ƙawarta ta kusa, Odette Lachance.

"Ƙawa," in ji Hilkka. "Ni na tsaya musu shaida a kotu, Leander. Ni na riƙe furen. Kai kana can taron tsuntsaye a Winnipeg kana gyara wa mutane waƙafi. Matarta ce. Faɗi in ji, ko haƙoranka ne za su zube?"

Na ce jaridar kalmomi kaɗan take karɓa.

"Ai kuwa ka zaɓi mai tsawon, Malam Ba-ya-kuskure."

Ta ce Odette ta karanta sanarwar a ƙofar coci, ta ninke ta, ta sa a aljihu, ta je ta kama gefen akwatin gawar kamar kowa. Na ce na gode da burodin. Hilkka ta dube ni na ɗan lokaci, ta gyara mini wuyan riga kamar yadda take yi in za ta raka ni makaranta, ta tafi.

Na zubar da kifin.

Litinin, 21 ga Janairu, ƙarfe 7:20 na safe

Digiri 20. Yau Odette ta sauko daga motar. Na ja baya daga labulen. Na ji takunta a kan matakala, na ji an ajiye abu, na ji takun ya koma.

Kwali ne, an naɗe shi a leda. Littafin da Aili take rubutawa ne, shafi ɗari uku da sha huɗu. A sama ɗan rubutu: "Ta so ka karanta. Ban taɓa komai ba. O."

Laraba, 23 ga Janairu, ƙarfe 4:40 na yamma

Aikin mai kyau ne. Na rubuta haka ina sane da nauyin kalmar, domin a shekarun koyarwata ban faɗa wa mutum biyar ita ba.

Tarihi ne na abin da masu bincike suka gani a jikin dabbobi suka ƙi faɗa. Akwai wanda ya ga abin da mazan tsuntsayen ƙasar ƙanƙara ke yi da junansu, ya rubuta shi da haruffan Girkanci don kada na ƙasa da shi su karanta. Akwai zakaran da aka ce ya yi ƙwai, aka gurfanar da shi gaban alƙali, aka ƙone shi. Akwai kifayen da ke fara rayuwa mata su ƙare maza, da ragunan da ba su kula tumaki, da jan tsuntsun nan da ake samu jefi-jefi, rabin jikinsa na namiji rabi na mace, layi a tsakiya kamar an ja da rula. Duk na san su. Wasu ma na koyar da su, a minti biyar na ƙarshen darasi, lokacin da ɗalibai suka fara rufe jaka.

Ba ta zagi kowa ba. Ta dai jera kalmomin da muka yi amfani da su: ɓatan kai, ruɗewa, kuskuren halitta, abin da ba shi da muhimmanci. Jerin ya ci shafi biyu.

Na sami kuskuren kwanan wata guda biyu, a shafi na 80 da na 212. Na sa musu alama da fensir. Har na miƙa hannu wajen waya in gaya mata.

Babi na tara sunansa Sheƙa ta 47. Shafi uku ne kawai. Ta bayyana tsibirin, da tsuntsayen, da gwajin. Layin ƙarshe shi ne: "Na tambayi mahaifina. Ya ce"

Daga nan farar takarda.

Alhamis, 24 ga Janairu, ƙarfe 7:05 na safe

Digiri 27. Ban buɗe kwalin ba.

Juma'a, 25 ga Janairu, ƙarfe 10:00 na safe

Zan rubuta abin da ya faru a tsibirin bi da bi, kamar rahoto.

Dutse ne tsura, babu itace ko ɗaya, sheƙa dubu biyu da ɗoriya. Irin wannan tsuntsuwa ƙwai uku take yi. A sheƙa ta 47 shida ne. Kwana goma sha tara na yi cikin ɗan tanti ina kallonsu. Suna karɓa-karɓar kwanci, wannan ta tashi wannan ta zauna. Suna gyara wa juna gashin wuya. Suna korar maƙwabta tare. Babu abin da ya bambanta su da sauran sai yawan ƙwan.

Ina da takardar izini. Na kama su da tarko, na yi abin da ake yi a wancan zamani. Na feɗe su a kan akwatin abinci, da tsakar rana, da madubin ƙara girma a hannu. Ƙwan shida suka huce kafin la'asar. Washegari maƙwabta suka fasa su. Uku daga ciki akwai 'ya'ya.

Marja, matata, tana da cikin Aili wata biyar a lokacin. Tsoho Ainslie, shugaban sashe, shi ne zai sa hannu a takardar tabbatar da ni a aiki cikin Satumba. Mako guda kafin in feɗe su na aika masa labarin sheƙar ta hannun mai jirgin da ke kawo mini ruwa. Amsarsa layi ɗaya ce: "Koskela, wanda bai iya bambanta mace da namiji ba, ya koma kamun kifi wurin ubansa."

Ban kawo wannan don uzuri ba. Yana cikin jerin abin da ya faru ne.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Litinin, 28 ga Janairu, ƙarfe 1:30 na rana

Gordon ya bugo waya. Ina jin ƙarar liƙe kwalaye a bayansa.

"Farfesa, kada ka ta da hankalinka. In zuwan zai yi maka wuya, ni zan ɗaura. Zan rubuta: gwaji ya nuna mace, kuskuren tantancewa. Sai sunana a ƙasa. Minti biyu ne."

Na maimaita: kuskuren tantancewa.

"E mana. Tsibiri, ga iska, ga sauro, ga yunwa. Wa ya tsira? Ni nan da kake gani na taɓa rubuta wa agwagwa 31 ga Yuni. Tana nan a durowa ta sha shida, duk ɗalibin da ya zo sai ya yi mini dariya."

Na gode masa. Na ce zan sanar da shi.

A lokacin kwanci a kan ƙwai, jakar ƙwan tsuntsuwa takan kumbura kamar gungun inabi. Ɗalibin shekarar farko zai gane ta daga nesa. Gordon ya san haka. Kirki yake yi mini.

Hanya ce a buɗe. Ba na bukatar in ɗaga ko yatsa. 47-B za ta tafi kudu da takarda mai sauƙin harshe, a rufe durowar, ƙila shekara hamsin ba a sake buɗe ta ba. Na zagaya ɗakin girki sau da yawa ina neman aibin wannan tsari. Ban samu ba. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 29 ga Janairu, ƙarfe 7:10 na safe

Digiri 33. Guguwa. Ba na ganin gidan da ke fuskantarmu. Babu tsuntsu a mazubi.

Ta share, amma kafin ta kai ƙarshen layi ya sake rufewa.

Laraba, 30 ga Janairu, ƙarfe 9:00 na safe

Digiri 38 ƙasa da sifiri. An rufe babbar hanyar bakin tafki. Ba ta zo ba.

Alhamis, 31 ga Janairu, ƙarfe 8:30 na safe

Ba ta zo ba. Ƙanƙara ta kai rabin ƙofar gaba, ta baya ma ba ta buɗuwa.

Ƙarfe 12:20 na rana

Rediyo ya ce wata motar share ƙanƙara ta gunduma ta zame ta faɗa rami jiya. Sun faɗi wurin. Kwanar nan ce, inda Aili ta yi hatsarin da ya kashe ta. Ba su faɗi sunan direba ba.

Na buɗe littafin lambobina a L, sannan a O. Babu. Na duba a ƙarƙashin sunan Aili, lamba ɗaya ce, wadda na sani.

Na kira Hilkka.

"Shekara tara," in ji ta, "ba ka da lambar surukarka. Kana da lambar mutumin da ke sayar maka da auduga a Toronto." Sai muryarta ta sauka. Ta karanto mini a hankali, sau biyu.

Na buga. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na buga ƙarfe ɗaya, da biyu, da uku. Na tsara a raina abin da zan ce in an ɗauka, jimla biyu, babu wadda ta wuce ka'ida.

Ƙarfe 5:00 na yamma

A watan Disamba, ranar hatsarin Aili, Odette asibitin suka kira. Sunanta ne a takarda. Ni daga bakinta na ji, a wannan matakalar, tana cikin kayan aiki. Na tuna na tambaye ta ƙarfe nawa ne daidai abin ya faru. Ban tuna na ce ta shigo ba.

Juma'a, 1 ga Fabrairu, ƙarfe 2:00 na rana

Digiri 25. Iska ta lafa.

Ƙarfe tara da rabi na ji ƙarar shebur. Ta zo a ƙaramar motarta, hannun hagu rataye a wuya, filasta a gira, tana haƙa da hannu ɗaya. Ƙofa ba ta buɗuwa, don haka na ɗaga tagar ɗakin girki.

"Farfesa, ka rufe taga, gidanka zai huce."

Na ce ko ita ce ta faɗa rami.

"Ina tafiyata, ramin ne ya zo ya same ni."

Na ce na kira sau huɗu.

"Wayar tana can cikin ramin, in kana son magana da ita." Ta tsaya, ta jingina da shebur ɗin. "Kai ne ka kira?"

Na miƙa mata ƙaramin shebur ɗin murhu ta taga, ban san dalili ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ta gode, za ta ajiye shi don ranar biki. Da ƙofa ta buɗu na ce ta shigo. Ta tsaya a kan tabarmar goge ƙafa, ta ƙi cire takalmi, ta sha kofin a tsaye.

"Ka karanta?"

Na ce akwai kuskuren kwanan wata guda biyu.

Ta yi dariya har sai da ta dafe kafaɗar da ke ciwo. "Tamanin, da ɗari biyu da sha biyu. Da gangan ta bar su. Ta ce Baba ba zai taɓa cewa ya karanta ba, amma in ya kawo ƙorafin na biyun, to ya kai ƙarshe."

Na juya na wanke cokalin da ba a yi amfani da shi ba.

"Me ka ce mata ranar da ta tambaye ka?" in ji ta. "Ta dawo gida ta zauna a mota awa guda, ba ta kashe inji ba."

Na ce mata na ce ban tuna ba.

"Ka tuna?"

Na dubi gwangwanin sukari.

"Ni maganar jarida ba ta dame ni ba, Farfesa." Ta juya kofin a hannunta. "Ƙarya nake, ta dame ni. Amma na saba, a wurin aiki ma 'yar haya suke ce mini. Ita ce dai. Ba ta son ta rubuta a littafi cewa ubanta bai iya aikinsa ba, ba ta kuma son ta rubuta cewa ya ɓoye. Ta ce ɗaya daga ciki gaskiya ne, kai kaɗai ka san wanne. Shi ya sa babin ya tsaya."

Ta ajiye kofin a inda Aili ke ajiyewa, gefen hagu na famfo.

"An ba ni hutun jinya. Juma'a mai zuwa, ranar da za a liƙe durowoyin, ƙarfe takwas zan tsaya a ƙofar nan minti biyar. Ba zan danna oda ba. In ka fito, ka fito."

Lahadi, 3 ga Fabrairu, ƙarfe 11:00 na safe

Ranar 24 ga Nuwamba ce. Aili ta zo da takardar sakamakon, ta zauna a kujerar mahaifiyarta. Ba ta ɗaga murya ba, a wannan ta ɗauko ni.

"Baba, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na yi mata bayanin yanayin aiki a tsibiri. Ta bari na gama.

Ta ce: "Ina 'yar shekara goma sha biyar na bi littattafan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman dabba guda tak mai kama da ni. Wata huɗu na yi. Ban samu ba, na ɗauka ni kaɗai ce aka yi ba daidai ba. Ashe suna cikin durowarka. Kowace Asabar ina wucewa ta gabansu in kai maka abincin rana."

Sai ta sake tambaya, da kalmomin farko.

Na ce shekara arba'in ne, ban tuna ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ninke takardar. Na raka ta har mota, na ce ta duba iskar tayarta ta baya, kamar ta yi ƙasa. Ta ce to, Baba.

Mun shirya za ta zo ranar Kirsimeti.

Talata, 5 ga Fabrairu, ƙarfe 3:00 na yamma

Takardar ƙafa tsawonta santimita bakwai, faɗinta biyu. Na yanka goma sha ɗaya daga tsohon kwali don gwaji.

"Mai yiwuwa mace." Wannan ƙarya ce sabuwa a kan tsohuwa.

"Mace, bisa gwaji." Wannan ta Gordon ce.

"Bisa la'akari da yanayin da ake ciki a lokacin, da matsayin ilimi a wancan zamani" ta cika takardar kafin in kai ga tsuntsuwar.

Wanda ya fara yanka takardar nan a wannan girma ya san mu. Ba ta ɗaukar dalili.

Laraba, 6 ga Fabrairu, ƙarfe 7:05 na safe

Digiri 21. Wani ne ya share babbar hanya. Bai karkato ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu, ƙarfe 5:30 na yamma

Gordon ya bar saƙo: durowar 47 ita zai bari ta ƙarshe, amma masu lodi ƙarfe goma sha ɗaya za su tashi.

Na goge takalmi. Na cika alƙalami da baƙar tawadar da ba ta koɗewa. Wannan ba ya nufin na yanke komai.

Juma'a, 8 ga Fabrairu, ƙarfe 7:55 na safe

Digiri 19. Iska ta kwanta. Tsuntsaye shida a mazubi.

Ƙarfe 8:03

Tana ƙofa.

Ƙarfe 4:30 na yamma

Na fito a minti na huɗu. Odette ta kwashe safar hannu daga kujera. Hanyar jami'a ɗaya ce, ta kwanar nan take bi. Da muka kusa ta rage gudu, ta ce, "Ni kullum sau biyu nake wucewa. Ka kalli gabanka kawai." Na kalli gabana.

Ɗakin ya zama fili. Inda akwatuna suka tsaya shekara sittin sai farin shaci a ƙasa. Gordon ya jawo durowar ya ɗora a kan tebur, ya ce yana da abin dubawa a waje.

Suna kwance rigingine kusa da juna, ƙafafu a harɗe, kamar yadda na kwantar da su. Gashinsu bai canja ba. Tsakaninsu ga farar takardar Aili, ta riga ta zura zaren, ta yi ƙullin farko irin wanda na koya mata tana 'yar shekara tara.

Odette ta sunkuya ta dube su. "Waɗannan ne? Ai su ne masu sace min dankali a bakin ruwa. Ban san manyan mutane ba ne."

Na zauna. Na rubuta sau ɗaya, ban yi gwaji ba:

"47-B. Mace. Na ga jakar ƙwai da idona ran 21 Yuni 1979, na rubuta namiji da sanina. Abokiyar sheƙar 47-A ce. L. Koskela, 8 Fab."

Ta shiga daidai, har da ɗan wuri a ƙasa.

Na jira tawada ta bushe. Ɗauri ya gagare ni. A hannun da ya ɗaura fiye da dubu uku, ƙullin ya zame sau biyu. Ƙulli na biyu yana bukatar a danne na farko, ni kuwa yatsuna sun ƙi. Odette ta miƙo hannunta mai lafiya ta ɗora yatsa a kai. Kanta na kusa da takardar, na ga idonta ya bi layin har ƙarshe, ya koma farko.

Muna haka wani daga masu lodi ya shigo da abin liƙi. Ya ce, "Malama, ma'aikata kaɗai aka ce. Ke wace ce?"

Ta buɗe baki. Na san abin da ta saba cewa.

Na ce surukata ce, matar 'yata.

Mutumin ya ce to, a yi haƙuri, ya tambaya ko mun gama da durowar. Na ja zaren. Na gyara takardun biyu, tsohuwa da sabuwa, suka kwanta gefe da gefe. Gordon ya dawo, ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Bai ce kowa na kuskure ba. Ya rufe durowar da hannunsa, aka liƙe.

A mota muka kama hanyar gida har muka wuce kwanar. Sannan ta ɗaga yatsar, zaren ya bar mata jan shaci.

"Ka kusa tsinke min ita, Baba. Saura hannu nawa kake ganin nake da shi?"

Na ce zan kula nan gaba.

Ta sauke ni, ta ce ranar Litinin likita zai duba kafaɗar, Hilkka ce za ta kai ta, in ina so in zo in raba su faɗa a hanya. Na ce zan duba. Ta ce ta san me wannan ke nufi, za ta tsaya minti biyar.

Ƙarfe 6:10 na yamma

Na buɗe kwalin a babi na tara. Ban taɓa shafinta ba, ban ƙara ko ɗigo bayan "Ya ce" ba. Na kwafi abin da na rubuta yau a wata takarda dabam, na huda gefenta, na ɗaura ta da zare a jikin shafin, da kwanan wata da sunana.

Wadda ta yi tambayar ba ta ji amsar ba. Na duba dokar ta kowace fuska, babu takardar da ake ɗaurawa don wannan.

Digiri 23, yana sauka.